Ragon Ruwa Mai Ƙwai: Shekara Ashirin da Biyu Bayan Kulu

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar matata Hauwa'u, wadda duk Kalgo aka fi sani da Kulu mai banda. Kafin in ce komai a kanta, bari in fara da kaina tun wani tsoho bai riga ni ba: ni ne mutumin nan da ya taɓa hana matarsa cin tarwaɗa don kada ta sake haihuwar mace. In kun taɓa jin labarin a bakin 'yan kasuwar kifi kuka ɗauka ƙagen masu hira ne, to ba ƙage ba ne. Ga mai abin nan da ransa. Haƙora sun zube, wautar kuwa tana nan daram.

Ni ɗan Gwandu ne, gidanmu gidan malamai. Sai dai kowace gona da kunyar da ba ta yi ba, to a gonar gidanmu ni ne wannan kunya. Karatun allona bai wuce wanda zan yi salla da shi ba a kore ni daga sahu ba. Na boko kuwa, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, aka fafata tsakanin malamin da jahilcin nawa, aka tashi canjaras. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da abin da ya gani.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Malam Bello ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Allah bai bar masa ɗa namiji ba. Littattafan kakanninmu suna ɗakinsa cikin gafaka, kullum yana kakkaɓe musu gara, yana dubana yana girgiza kai. Da ya tabbata ba za su taɓa shiga kaina ba, sai ya ɗauke begensa daga kaina ya aza kan ɗan da zan haifa. Ina so a riƙe wannan, don kada a ɗauki Baffa mugu. Tsoho ne da ke tsoron fitilar gida ta mutu a hannunsa.

Kulu ɗiyar masunta ce. Na gan ta ne sa'ad da nake kai gero Kalgo a kan jaki in dawo da kifi, tana tsugune gaban wutar banda, hayaƙi na cin idonta, tana faɗa da wani mai saye da ya ce kifinta bai bushe ba. Ban san lokacin da na shiga faɗan ina goyon bayanta ba, alhali ban ko taɓa kifin ba. Baffa bai so auren ba, amma ya ɗaura. Na kawo ta Gwandu a shekarun nan da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu. 'Yan'uwanta kan aiko mata da banda, ita kuma tana sayarwa daga cikin gida. Malam take kirana, kuma duk wanda ya ji yadda take jan sunan ya san da biyu take yi.

Ta haifi mace, aka yi murna. Ta sake mace, aka ce masha Allahu. Ta uku da ta zo mace, na ga Baffa ya raɗa suna ya tashi bai tsaya cin goro ba. Da ciki na huɗu ya bayyana, ya kira ni zaure ya yi mini magana a hankali, ba faɗa ba zagi. Ya ce akwai matan da Allah ya yi mahaifarsu ta mata ce zalla, ba laifinsu ba ne, amma gida ba ya tsayuwa haka. In wannan ma mace ce, in sallame ta da mutunci, ya nema mini wata a dangi. Na ce to. Ban taɓa ce wa Baffa a'a ba tun da aka haife ni, ban ma san ta inda ake fara ta ba.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Takobina a hannun wani wanzami na same shi, a kasuwar Dodoru. Yana yi mini aski ina zuba masa damuwata, sai ya ce ai abin a fili yake: mace tana cin mace dare da rana, me za ta haifa? Matarka 'yar kifi ce, ka raba ta da matan kifi, ka ɗora ta kan maza. Na tambaye shi yadda ake gane namijin kifi. Ya ce shi wanzami ne, ba masunci ba, ya danna kaina ƙasa ya ci gaba da aikinsa.

A kan hanyar komawa gida na warware matsalar da kaina, kuma har yau ina tuna daɗin da na ji, don ban saba warware komai ba. Na ce ai bakin Bahaushe ya riga ya gama wannan aikin. Tarwaɗa, cewa muke ta yi tsalle. Karfasa, ta yi ƙaya. Gaiwa, ta shige laka. To waɗannan mata ne. Kurungu kuwa ya yi gurnani, namiji ke nan. Giwan ruwa ne ya ɗan ruɗa ni, don giwa mace ce amma shi ana ce masa ya, sai na ajiye shi gefe a matsayin mai shakku. Sarkinsu duka shi ne ragon ruwa. Wa ya taɓa jin rago mace?

Na isa gida na kafa doka. Kulu ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Ta bi dokar kuwa, kwana da kwanaki tana cin kurungu mai ƙashin tsiya, tana sayar wa mutane tarwaɗa mai mai. Da ruwan farko ya sauka aka kawo sabon kaya daga Kalgo, na tsince wani ragon ruwa ƙato da hannuna, na kai mata ina taƙama. Ta juya shi, ta latsa cikinsa da babban yatsa, ta ɓare shi biyu a gabana. Ciki cike da ƙwai, jawur, hayaƙi ya gasa shi.

Ta ce, "Malam, wanga rago naka ya kusa haihuwa. A yanka mishi tunkiya ran suna?"

Ranar na fara sanin cewa kowane kifi da mazansa da matansa, suna dai linzami ne da muka ɗaura musu muna tsaye a tudu. Mutumin da ya kai shekaruna bai san wannan ba. Amma na yi bincike daga baya a zaurukan Gwandu, na tarar ba ni kaɗai ba ne, ni ne dai kawai na kai abin gaban 'yar masunta.

Dariyar ba ta daɗe ba, don a daren nan ta tambaye ni dalilin dokar, ni kuma ba na iya riƙe magana. Na faɗa mata abin da Baffa ya ce, da abin da na amsa. Ba ta yi kuka ba. Da damina ta yi tsaka ta ce tana so ta haihu a gaban uwarta, ta kwashi yaran uku ta bi ayarin masu jakai zuwa Kalgo. Na lura ta tafi da tukunyarta ta ƙarfe, wadda ba a ɗauka in za a dawo.

Na yi 'yan kwanaki ina kai da kawo a gida kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Sannan na ce wa Baffa zan je Kalgo in duba farashin kifi. Gerona da ke gonarmu ta hanyar Maruda yana neman maimai, na bar wa ciyawa shi.

A wannan zuwan ne na ga gaiwa a kan sheƙarta. Ƙanen Kulu ya ja ni cikin fadama, ruwa iya gwiwa, ya nuna mini wani rami cikin ciyawa. Ga 'ya'ya baƙaƙe ƙanana cunkus, ga babbar tana kaɗa musu ruwa da wutsiya ba hutawa, duk abin da ya matso ta kai masa cizo. Da ya kama ta na yi ta roƙonsa ya sake ta, na ce uwa ce, a ji tausayin marayu. Ya kai gida duk da haka. Kulu ta tsaga ciki, ta kira ni ta nuna mini wasu fararen abubuwa biyu dogaye masu kama da kitse, ta ce wannan namiji kaɗai ke da shi. Ta ce tun tana yarinya take tsaga gaiwar da aka kamo a bakin rami, ba ta taɓa samun mace ba. Uwar takan zuba ƙwai ta kama gabanta, uban ne ke zama gadi. A karfasa kuwa, irin manyan nan, uwar ce ke kwashe ƙwan ta riƙe a baki, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe. Ta faɗi wannan tana wanke wuƙa, ba ta dube ni ba. Ni ma ban tambaye ta ko da ni take ba.

Akwai wani abu kuma da ta daɗe tana gardama da mahaifinta a kansa. In gulbi ya janye, yakan bar ƙananan tafkuna a fadama wajen Dangoma, marasa zurfi, waɗanda rana ke dafawa har mutum ba ya son sa ƙafa da azahar. Ta ce karfasar da ta tashi a irin waɗannan, in aka kwaso aka tsaga, sai ka ga kusan duk maza. Tsohon yakan ce matan ne suka gudu. Ita kuma ta ce su gudu ta ina, tafkin da ba ƙofa? A ganinta zafin ruwan ne ke mai da su maza tun suna ƙanana.

Kun san abin da na yi da jin haka? Na tafi na saro itace, na ce daga yau a riƙa hura mata wuta a ɗaki, ta kwanta kusa da ita har ta haihu. Uwarta ta fita tsakar gida tana riƙe da ciki don dariya. Kulu ta ce tun ba ta kai aure ba take zaune gaban wutar banda daga hantsi zuwa la'asar, da zafi na yin wannan aikin a jikin mutum, da ta haifa mini rundunar da za ta ci Gwandu da yaƙi.

Yanzu ina da jika, Sa'adatu, ɗiyar 'yarmu ta biyu, wadda ta yi karatun kiwon kifi a jami'a. Bara ta zauna ta yi mini bayanin da na so a ce Kulu na kusa ta ji. Ta ce a cikin irin da kowane mai rai ke gada daga uwa da uba akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, a cikinsu ne hukuncin namiji ko mace yake, da ikon Allah. A wurin ɗan Adam abin ya daɗe da zama wuri ɗaya: zaren da ya zo daga uba shi ke yankewa. Wai har zaren namijin ya tsufa a kan wannan aiki, ya ƙanƙance, ya zubar da yawancin kayansa. Na ce wannan na gane shi, ina ganinsa kullum a madubi.

A wurin kifi kuwa, in ji ta, sarautar ba ta zauna gida ɗaya ba. A wani irin, uba ke yankewa kamar mu. A wani, uwa ce. Ko a cikin dangin karfasa kansu, wannan da wancan ba hanyarsu ɗaya ba, ga su kuwa 'yan ɗaki guda. Cikin dogon zamanin da ba wanda ya ƙirga, sarautar takan tashi daga wannan zare ta koma wancan, kamar yadda rawani kan bar wani gida ya faɗa wani, shi ya sa a kifaye da yawa zaren namiji da na mace ba su riga sun bambanta da juna sosai ba. Akwai ma na teku da ke fara rayuwa mace ya ƙare namiji, ko ya fara namiji ya ƙare mace. Wannan kam na ce sai na gani, kuma a shekaruna ba na jin zan je teku.

Na tambaye ta batun tafkunan Dangoma. Ta ce gaskiya ne zafin ruwa kan rinjayar da 'ya'yan karfasa su zama maza in ya same su a kwanakinsu na farko. Amma ta ce ba za ta rantse cewa abin da kakarta ta gani ke nan ba, don wataƙila mazan sun fi jure wahalar tafkin ne, ko wani dalili daban. Na ji haushin wannan amsa. Daga baya na tuna Kulu ma haka take, ba ta sayen magana sai ta latsa cikinta. Da sun haɗu da girman Sa'adatu, da an sha gardama a gidan nan.

Yarinyar ba ta ƙyale ni haka ba. Da ta gama, ta ce tun da daga uba abin yake, ai ni ya kamata Baffa ya sa a sallama. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Bari in koma inda na tsaya. Da kaka ta yi, Kulu ta haihu. Ina zaune a ƙofar gida ungozoma ta leƙo ta faɗa a taƙaice, yadda ake faɗin abin da aka san ba shi ake jira ba. Mace. Aka miƙo mini ita, ja, mai ƙarfin kuka. Washegari na kama hanyar Gwandu don in kai labari.

Duk tsawon hanya ina shirya hujja. Da na durƙusa gaban Baffa na zazzage ta duka: rago mai ƙwai, gaiwa uban marayu, tafki mai zafi. Ni kaina ban san inda hujjar ta dosa ba, ina dai so in ce abin da muke gani daga tudu ba shi ne a cikin ruwa ba. Baffa ya bari na gama. Ya ce shekara nawa yana fama in karɓi karatu daga bakinsa na ƙi, ashe gaiwa nake jira ta buɗe makaranta. Sannan ya ce maganarsa tana nan. Amma jinjira ba ta yi laifin komai ba, haƙƙinta ne a yanka mata. Ya shiga da kansa ya kwanto rago, na gaske wannan karon, mai ƙaho, ya damƙa mini igiya. Ya ce in kai, in an yi suna in gama abin da muka yi magana, in dawo.

Na ce to.

Na kai rago, aka yi suna. Ban dawo ba. Ba zan yi ƙarya in ce na tsaya gaban Baffa na buga ƙirji ba, ba ni da wannan zuciyar. Abin da na yi kawai, kullum in gari ya waye sai in ga ba yau ba. Aka aiko mini, na ce ina nan tafe. Aka sake aikowa, na ce jakina ba lafiya. Gona ta koma hannun wani ɗan'uwa, ɗakina aka zuba dawa a ciki. Ni kuwa na zama mai saro wa Kulu itacen banda, masunta suna kirana Malam na Gwandu, limamin gaiwa. Su kam sun yi ƙoƙari su koya mini kamun kifi, amma duk ranar da na shiga jirgi kifi kan yi sallar idi.

Baffa ya yi shekaru bai yi mini magana ba. Kulu ce ba ta bari igiyar ta tsinke ba. Duk sa'ad da ayari zai tashi sai ta zaɓi banda mafi kyau ta sa a kwando ta ce a kai wa tsoho. Da fari kwandon kan dawo yadda ya tafi. Daga baya ya fara dawowa ba kifi. Wata rana ya dawo da goro a ciki. A wannan makon na je na gaishe shi, ya amsa. Littattafan kuwa wani almajirinsa ya gada, suna nan ana karanta su, fitilar ba ta mutu ba. Mu kuma muka ƙara ɗaya, mace, suka zama biyar.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu a bayan gida ake kiwon kifi, cikin tafkin siminti da na leda. Sa'adatu ta ce masu kiwon karfasa har magani suke sa wa ƙananan a abinci don su tashi maza zalla, wai maza sun fi saurin girma, mata kuwa cika tafki suke da 'ya'ya. Wato abin da na nema da itace da kurungu, an same shi a buhu. Na san Kulu za ta je ta leƙa, don ba ta ƙin sabon abu. Za ta sa hannu ta ji ɗumin ruwan, ta tambayi mai tafkin inda zai samo na baɗi, tun da ya kori uwayen. Sannan ta ɗanɗana ta ce ba ya ƙamshin gulbi. A nan kam zan goyi bayanta, kamar ranar farko, ko ban taɓa kifin ba.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa in a ido ne. Wuƙarta tana wurin babbar 'yarmu, ta sha wasa har ta zama siririya. Ragar bandar ta ruɓe tuni. Amma 'ya'yan nan biyar da aka so a sallame ta saboda su, su ke riƙe da ni yau, kuma duk cikinsu ba wadda za ka gaya wa magana ta haɗiye ba ta juya ta ta duba cikinta ba. Wannan ba daga gidan malamai suka samo shi ba.

A shekararta ta ƙarshe, ciwo ya riga ya kama ta amma ba ta yarda ta kwanta ba, muna zaune da yamma tana kankare karfasa ina kore mata ƙuda. Ba zancen da muke yi. Sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

"Malam, na gode Allah da ta huɗun nan taz zo mace. Da namiji na haifa, da har yau ban sani ba ko ni kar riƙe ko shi."

Na ci gaba da kore ƙuda.